Barga Kafin Doki: Dalilin da Ya Sa Masu Adana Tsofaffin Jiragen Ƙasa a Birtaniya Suka Koma Ginin Rumfuna

A watan Mayun 2024 aka buɗe wata makekiyar rumfa a gidan tarihin jiragen ƙasa na Shildon, a arewa maso gabashin Ingila. Fam miliyan 8 ta ci, kuma kawunan jirgi da taragai 47 ne suka samu mafaka a cikinta. Da ita, abin da gidan ya tara a ƙarƙashin rufi ya kai 99. An yi biki, jaridu sun ɗauka, aka wuce wurin. Ni kuwa wani lissafi ne ya tsaya mini a rai. Babban gidan tarihin jiragen ƙasa na York, wanda hukuma ɗaya ke riƙe da shi da na Shildon, ya kashe sama da fam miliyan 4 wajen gyaran kan jirgi ƙwaya ɗaya tak, wato Flying Scotsman, aikin da ya ɗauki shekara goma kafin a kammala shi a 2016. Ke nan kuɗin gyaran irinsa biyu ya isa a yi wa 47 rufi. Wanda ya zauna ya auna waɗannan alƙaluma biyu zai ga inda masu wannan harka suka daɗe suna karkata, da kuma abin da suka bari sai da ruwa ya kusa cin su.

Shildon ba ita kaɗai ba ce. A cikin layukan tarihi da masu aikin sa kai ke gudanarwa, layin Severn Valley ya gina wa taragansa rumfa mai tsawon kimanin mita 300 a Kidderminster a shekarar 2000, sannan a 2008 ya buɗe wani ginin a Highley domin kawunan jirgin da ke jiran gyara. Layin Bluebell, wanda ya fara ɗaukar fasinja tun 1960, ya shafe shekaru yana gina rumfuna kashi-kashi a ƙarƙashin shiri guda. Na tsibirin Wight ya buɗe tasa a Havenstreet a 2014. Layin North Yorkshire Moors kuwa, da aka sake buɗewa a 1973, sai a 'yan shekarun nan ya samu rumfar da ke ɗaukar taragai har 40 a Pickering, bayan kusan rabin ƙarni suna kwana a waje. Sunan da suka raɗa mata ma abin lura ne: bargar taragai. Bahaushe ya san cewa mai son sayen doki barga da turke yake fara tanada. Su sai da dawakan suka tsufa a rana sannan aka tuna da barga.

Dalilan da aka fi ambata na gina waɗannan rumfuna su ne ɓarnar yara da kuɗin caca, kuma duka biyun gaskiya ne. A watan Yulin 2017 wasu matasa suka shiga taragan katako na layin North Yorkshire Moors da ke ajiye a Pickering, suka farfasa tagogi, suka lalata kujeru da fitilu, a kayan da masu aikin sa kai suka kwashe shekaru suna gyarawa. Irin wannan labari kan buɗe aljihun jama'a nan take. Haka kuma tun da aka kafa asusun adana kayan tarihi daga ribar cacar ƙasa a 1994, aka samu wata ƙofa da za a ƙwanƙwasa domin manyan gine-gine, kuma yawancin rumfunan da na lissafa akwai hannun wannan asusu a cikinsu. Sai dai mai fasa taga sau ɗaya yake zuwa a shekaru, kuɗin caca kuma hanya ce kawai ta biyan buƙatar da ta riga ta kasance. Tushen maganar yana can baya, a yadda aka tara kayan tun farko.

Lokacin da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta yi sallama da jirgi mai tururi a watan Agustan 1968, bayan rufe dubban mil na ƙananan layuka da rahoton Beeching na 1963 ya jawo, hankalin masoya jirgi wuri ɗaya ya koma: a ƙwato abin da za a iya kafin 'yan gwangwan su yanka shi. A garin Barry na kudancin Wales, wani dillalin tsofaffin ƙarafa mai suna Dai Woodham ya sayi kawunan jirgi kusan 300, amma ya fi mai da hankali ga yanka taragan kaya saboda sun fi sauƙin aiki. Wannan jinkiri ya zama gata. Tsakanin 1968 da 1990, ƙungiyoyi suka yi ta karo-karo suna saye, har aka fitar da 213 daga filinsa. Da yawansu sun yi shekara goma, wasu ashirin, suna shan iskar teku mai gishiri, an kwance musu tagulla da duk wani abu mai daraja. Kowace ƙungiya ta tara kuɗin saye da na dako. Kaɗan ne suka tara na wurin ajiyewa. Aka sauke ƙarfen a ƙarshen wani layi, aka lulluɓe shi da tamfol, aka ce sai an samu hali.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin wannan tamfol. Rufin tsohon taragon fasinja katako ne da aka shimfiɗa wa zane mai kauri aka bi shi da fenti. Rana da sanyi su sa fentin ya tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya bi tsagar, ya gangara ta bayan allon jiki inda ido ba ya kaiwa, ya taru a gindin ginshiƙi, daidai inda katako ya haɗu da ƙarfe. Ƙusar da ke wurin ta yi tsatsa, ta kumbura, ta tsaga katakon daga ciki. Daga waje tarago na sheƙi, amma kafinta ya soka masa sukundireba sai ta nutse kamar an soka a burodi. Taragan ƙarfe da aka ƙera daga 1951, waɗanda su ne jakunan aikin kusan kowane layi, ta kusurwar taga da ƙasan ƙofa suke fara ruɓewa. Kan jirgi ma bai tsira ba. Abin da ake naɗe tukunyar tururi da shi domin riƙe zafi yakan sha ruwa kamar soso, ya manne a jikin ƙarfen shekara da shekaru yana cin sa a ɓoye. Shi kansa tamfol ɗin, in ya daɗe, gumi yake tarawa a ciki, ya hana iska busar da shi.

Yanzu a haɗa wannan da tsarin aikin tururi. Tukunyar kan jirgi ba ta wuce kimanin shekara goma tana aiki sai an sauke ta an yi mata bincike da babban gyara. Don haka a kowane lokaci akwai jerin kawunan da ke layi suna jiran a zo kansu, kuma jiran kan kai shekaru masu yawa. Wanda ya shiga layin da ƙananan matsaloli, in a waje ya yi jiran, zai iso hannun makaniki da manya. Tarago kuma, wanda aka gama masa fenti da man sheƙi bayan dogon aiki, in aka mai da shi fili, 'yan shekaru kaɗan zai yi ya dawo layin gyara, ya tare gurbin wani da bai taɓa samun shiga ba. Tufka da warwara ke nan. Ana gyara na gaba, na baya na lalacewa.

A nan ne, a ganina, ainihin dalilin yake. Abin da ya fi ƙaranci a wannan harka hannu ne, ya fi kuɗi wuyar samu. Layukan tarihi na Birtaniya sun haura ɗari, kuma masu aikin sa kai sama da 20,000 ne ke ɗauke da su. Samarin da suka shiga Barry da guduma da gwangwanin fenti a shekarun 1970 yau dattawa ne, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Kafintan da ya iya dasa sabon ginshiƙi a tarago mai shekara ɗari ba tare da ya ɓata masa siffa ba, da maƙerin da ya san aikin tukunyar tururi, ba a samar da su cikin shekara biyu. Muddin akwai matasa masu jini a jika da ke ba da Asabar da Lahadinsu kyauta, ana iya jure wa asarar da ruwan sama ke yi, a sake fenti, a sake katako. Da hannayen suka fara raguwa, sai lissafin ya fito fili: duk awa ɗaya da dattijo ya kashe yana maimaita aikin da ya yi shekara bakwai da suka wuce, awa ce da ba za ta dawo ba. Kuma wa zai ce wa mai shekara saba'in ya kwanta a kan tsakuwa a ƙarƙashin tarago cikin sanyin Janairu? Rumfa tana kare ƙarfe, tana kuma sa mutum ya ƙara shekaru yana zuwa aiki, yaro mai koyo ya samu inda zai tsaya kusa da shi.

Me ya sa aka yi jinkiri haka, alhali kowa ya san ruwa na ruɓar da katako? Saboda rumfa ba ta da farin jini. Ka ce za ka ta da wani sanannen kan jirgi ya sake huci yana fitar da hayaƙi, masu ba da gudummawa za su yi layi, kowa na son ranar da za a ɗauki hoto. Ka ce za ka kafa ginshiƙan ƙarfe ka ɗora kwano, sai a yi ta kallon juna. Abin da rumfa ke hanawa ba a ganin sa, tunda ɓarnar da ba ta auku ba ba ta da hoto.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da abin faɗa, ba zan hana su ba. Suna cewa akwai buƙatun da suka fi rumfa gaggawa: layin da gadarsa ta karye ba ya ɗaukar fasinja, kuma in babu fasinja babu kuɗin komai. Ambaliyar watan Yunin 2007 ta yanke layin Severn Valley a wurare da dama, gyaran ya ci miliyoyi. Annobar korona ta rufe ƙofofi a 2020, kamfanin da ke gudanar da layin Llangollen ya durƙushe a 2021, sannan rufe mahaƙar kwal ta Ffos-y-fran a Wales a ƙarshen 2023 ya tilasta wa layuka neman kwal daga nesa da tsada. Wasu kuma na cewa kan jirgin da aka goge aka jera a ɗaki gawa ce da aka yi wa kwalliya. Duk an ji. Amma gada takan karye ne a rana ɗaya, kowa ya gani, a yi gangami a gyara. Tsatsa ba ta da ranar da za a ce yau ta zo, shi ya sa kullum ita ake ɗage wa lokaci. Batun gawa kuwa, kan jirgin da ke jira a Highley ana iya ta da shi duk ranar da aka samu kuɗi, kafin nan ma baƙi na zuwa kallonsa. Wanda ya yi jiran a cikin ciyawa, wani lokaci abin da za a tarar bai kai a kira shi gyara ba, sai dai sabon ƙira.

Sakamakon da ba a cika son faɗa ba shi ne rumfa tana tilasta zaɓe. Mai gurbi 40 ba za ta ɗauki 60 ba. Ranar da aka ja layi aka ce wannan ya shiga, wancan ya tsaya a waje, an yanke wa na wajen hukunci ko da ba a furta ba. Ina ganin wannan alheri ne, ko da yake mai ɗaci. Shekara hamsin ana riƙe da kayan da kowa ya san ba za a taɓa gyara su ba, saboda babu mai son a ce a hannunsa aka yanka. Sai kuma rarrabuwar da ke ƙara faɗi tsakanin layuka. Asusun caca yakan nemi mai nema ya kawo nasa kason, ya kuma nuna tsarin yadda jama'a za su amfana. Manyan layuka masu dubban mambobi da ma'aikatan ofis su ke iya cika waɗannan sharuɗɗa. Ƙananan, waɗanda wani lokaci su ke riƙe da tarago ɗaya tilo da ya rage a irinsa, suna nan da tamfol.

Hujja mafi ƙarfi da na sani kan darajar rufi ba a Ingila take ba, a Saliyo take. Da aka rufe layin dogon ƙasar a tsakiyar shekarun 1970, an tura wasu kawunan jirgi da taragai cikin tsohon ginin gyara na Cline Town a Freetown, ciki har da taragon da aka shirya domin ziyarar Sarauniya Elizabeth a 1961. Shekara talatin babu mai shafa musu mai. Yaƙin basasa ya zo, 'yan gudun hijira suka zauna a cikin ginin, aka ɓalle abin da za a iya ɓallewa. Duk da haka, a garin da ruwan sama ke zuba kamar da bakin ƙwarya, kayan sun kai labari, har aka buɗe gidan tarihi da su a 2005. Babu asusun caca a nan, babu dubban masu sa kai. Kwano ne kawai a sama.

Mu da jirgi ya iso Kano tun 1911, muka ga ƙaramin layin Zariya zuwa Jos ya rufe a 1957, mun san inda akasarin kawunan da suka ja gyaɗa da auduga da kuza suka ƙare. Ɗan abin da ya rage a tsofaffin tashoshi ba gyaran miliyoyi yake nema a yau ba, kuma ba sai an jira ƙwararru daga waje ba. Ginshiƙai, kwano, indararo da ƙofa mai kwaɗo sun isa su riƙe shi har zuwa lokacin da wasu za su zo da kuɗi da sha'awar ta da shi. Turawan da suka ƙirƙiro jirgin sai da suka yi asarar aikin shekara arba'in kafin su yarda da haka, ga kuma damina tana tafe.