Turanci da Larabci, to ina Hausar ɗiyata?

Da ɗiyata ta cika shekara 6, ni da mahaifiyarta muka shiga neman makarantar kuɗi mai koyarwa da Turanci da Larabci a nan Kano. Wannan buri ba baƙo ba ne a garin nan, domin tun 1934 aka kafa makarantar da daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS.

Makarantu uku na ziyarta, kowacce ta rubuta "ƙasa da ƙasa" a allon ƙofarta. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Na tambaye su wace jarrabawa ɗalibansu ke zanawa a ƙarshe: WAEC da NECO, ko ta Larabci da hukumar NBAIS ke shiryawa, ko kuwa ta Cambridge? Amsar ita ce ke buɗe ƙofar jami'a ko ta rufe ta. Na kuma roƙi a bar ni in zauna a aji. A ɗaya daga ciki na tarar da yara masu kyakkyawar hadda, amma ba mai iya neman ruwan sha da Larabci.

A mafi tsadarsu kuwa, shugabar makarantar ta gaya mini, tana alfahari, cewa tara suke cin duk yaron da ya yi Hausa. Nan take na tuna da kakar yarinyar, wadda ba ta jin wani harshe sai Hausa. Da wa za ta yi tatsuniya?

Muka zaɓi ƙaramar, inda harsunan uku ke da wurin zama. Jiya ɗiyata ta gaishe ni da Larabci, sannan ta durƙusa ta ce wa kakarta, "Ina wuni, Hajiya?"