Wa Ya Ba Su Lambata?

Saƙon ya shigo wayata bayan la'asar, cikin Oktoban 2024, lokacin da gidajen Gwange a Maiduguri ba su gama bushewa daga ambaliya ba. Da Turanci aka rubuto shi, har da hoto: wai ɗan yayata ɓarawo ne, ya ci bashi ya gudu, kuma ni ne na tsaya masa. Ban gama karantawa ba sai ga kiran limamin masallacinsu, shi ma an tura masa. Na ukun ne ya fi ciwo, mahaifin yarinyar da aka sa musu rana.

Da magariba yaron ya zo ya durƙusa. "Kawu, wallahi ban ci bashin kowa ba."

Ban yarda ba. Ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau ran 10 ga Satumba ya lalata masa keke napep ya rushe ɗakinsa, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na ce ya ba ni wayar.

Muka bi saƙonnin bankinsa ɗaya bayan ɗaya. Can sai ga shi: naira 13,000 sun shigo daga wani kamfani mai sunan da ba mu taɓa ji ba. Ya dafe kai. "Ai na ɗauka tallafi ne." A makonnin nan kuɗi na shigo wa mutane daga 'yan uwa a Kano da Legas, daga ƙungiyoyi, daga bayin Allah da ba su faɗin sunansu. Ya sayi tabarma da gidan sauro da masara, har ya yi wa mai aikowa addu'a.

To kuɗi dai sun shigo. Amma wa ya ba su lambar asusunsa?

Sai da na laluba wayar sosai na ga wata manhaja mai alamar jakar kuɗi. Nan ya tuna. A wajen mai cajin waya wani yaro ya tura masa ita ta Xender, ya ce ana samun rance cikin minti biyar. Ya sa BVN da lambar asusu, ya ɗauki hoton fuskarsa, duk abin da aka tambaya ya danna amincewa. Da ya ga za a ba shi 13,000 ya biya 20,000 cikin kwana bakwai, ya ce wannan riba ce tsagwaronta, ya rufe. Bai danna neman bashin ba. Manhajar ce ta ga an cika mata sharuɗɗa, ta saki kuɗin da kanta, ta fara ƙirga kwanaki.

Abin da ya hana ni barci shi ne, wayar nan na da lambobi sun fi ɗari huɗu. Me ya sa mu uku? Na fara zargin akwai wani a unguwa da ya san inda zai soka ya yi zafi. Har na fara lissafa maƙiya.

'Yar maƙwabcina da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Maiduguri ce ta warware mana. Ta buɗe wurin izinin manhajar ta nuna mini: lambobin waya, tarihin kira, saƙonni, hotuna, duk an ba ta. Ta ce tun 31 ga Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa taɓa lambobin mutane da hotunansu, shi ya sa irin waɗannan ke shigowa ta bayan gida, daga waya zuwa waya. Sannan ta ce mu jera kiran da ya yi a wata guda, mu ga wa ya fi kira.

Ni ne na farko, domin a gidana mahaifiyarsa ta fake. Liman na biyu, shi ke rubuta sunayen masu karɓar kayan agaji. Na uku kuwa, yaron ya sunkuyar da kai. Wayar yarinyar ta tafi a ruwa, ta wayar babanta suke gaisawa kowane dare. Babu maƙiyi ko ɗaya. Lissafi ne aka ɗora wa na'ura: wanda mutum ya fi kira, shi zai fi jin kunyarsa.

Na kira lambar da ta turo saƙon. Wata budurwa ta ɗauka, muryarta a gajiye. Na ce wa ya ba da bashin? Ta ce sistem. Wa ya zaɓi sunana? Sistem. Ina ofishinku? Ta kashe.

Ba wai babu doka ba. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan tura irin waɗannan saƙonni. A Maris 2022 hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin masu rancen waya a Legas. Dokar Kare Bayanai ta 2023, a sashe na 37, ta ba mutum 'yancin ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa, ya nemi ɗan Adam ya sake dubawa. FCCPC ɗin nan ce ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a 2024. Sakin bashi ba tare da an nema ba kuwa, ƙa'idojin da FCCPC ta fitar a Yulin 2025 sun haramta shi ƙarara, sai dai mu a lokacin an riga an yi mana. Amma Meta na da adireshi da lauyoyi. Wanda ya ci mutuncin ɗan yayata suna ne kawai a saƙon banki, kuma a ganina duk dokar da ba ta tilasta a rubuta sunan mutumin da zai amsa laifin na'urarsa ba, harbin iska take yi.

Muka mayar da 13,000 ɗinsu cif, muka aika ƙorafi ga FCCPC da hotunan saƙonnin, muka goge manhajar. Ranar Juma'a na roƙi Bulama, mai unguwarmu, ya raka ni gidan surukin. Na yi bayani tun daga wajen mai caji har zuwa jerin kira. Dattijon ya saurara yana jan carbi, da aka zo kan kiran dare ya ɗan murmusa. Sannan ya dube mu ya ce, "To Malam, shi sistem ɗin nan ɗan gidan wa ne?"

Ni da Bulama muka dubi juna. Ya ƙwala wa yaro kira a kawo shayi.