Tsatsa a Wuyan Salansa

Yau shirin namu ƙarƙashin bonet zai leƙa, wurin da mai mota ba ya dubawa sai ya ji baƙuwar ƙara. Direbobi, makanikai da masu walda, a matso kusa da rediyo.

A jikin injin mota akwai ƙarfen da ke karɓar hayaƙi daga bakin silinda ya miƙa wa salansa, wanda makanikai ke kira manifol. Wanda mota ke zuwa da shi daga kamfani sau da yawa zubin ƙarfe ne mai kauri da nauyi. Idan ya tsage, ko mai mota yana son hayaƙi ya riƙa fita ba cunkoso, sai a sa na kasuwa da ake kira heda: bututu sirara, kowace silinda da nata. To amma duk kaurin da aka rage, an rage wa tsatsa aiki ne kafin ta huda.

Babu ƙarfen da ke shan wahala a mota kamar wannan. Idan inji ya ɗauki kaya, zafin hayaƙin da ke bi ta cikinsa kan haura digiri 700 a ma'aunin Salshiyas. Ya kumbura in ya yi zafi, ya tsuke in ya huce, kullum haka, har ɓawon da ke samansa ya riƙa ɓarewa, sabon ƙarfe ya fito fili. Ga kuma ruwa daga ciki, domin duk litar fetur da ta ƙone tana fitar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi. Motar da ba ta wuce kai yara makaranta a dawo ba ta samun zafin da zai busar da ita, sai tururin ya kwanta a bututu, ya haɗu da farar wutar da ke cikin mai, ya zama ruwa mai cin ƙarfe.

Mu nan Kano ko Maraɗi, bushewar iska tana taimakonmu. Sai dai da yawa daga motocinmu na hannu sun yi rayuwarsu ta farko a wurare irin su Mishigan da ke Amurka ko Ontariyo ta Kanada, inda ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Mota takan sauka a Kwatano ko Legas fenti na sheƙi, alhali gishiri ya riga ya gama da notunan ƙasanta.

Yanzu ga mai saye. Tambayar farko ba ta fenti ba ce, ta ƙarfe ce. A shekarar 1913, a birnin Shefil na Ingila, Harry Brearley ya gano cewa ƙarfen da aka gauraya da kuromiyam ba ya saurin tsatsa. Idan kuromiyam ɗin ya kai kashi 10.5 cikin ɗari, yakan haɗu da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, wadda ke sake rufe kanta in an karce ta. Wannan shi ne sitenles, kuma suna suka tara. Mai lamba 409 yana da kuromiyam wajen kashi 11. Samansa kan yi ja, amma yana daɗewa bai huje ba. Mai lamba 304 yana da kashi 18 na kuromiyam da 8 na nikel, ya fi juriya, ya fi tsada. In ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, tafi da maganaɗisu: yana kama baƙin ƙarfe da 409 gam, amma 304 da ƙyar yake ja. Kada dai a dogara da shi kaɗai, don akwai mai araha, lamba 201, wanda shi ma maganaɗisu bai cika kamawa ba.

Sai abin da ake shafawa. Kurom ɗin nan mai ƙyalli kamar madubi ado ne. Zafi kan mayar da shi ruwan ɗorawa ko shuɗi, daga baya ya ɓamɓare, tsatsa ta shiga ta ƙarƙashi. Baƙin fentin da ke zuwa a kan heda mai araha kuwa, sau da yawa na ajiya ne kawai, tayarwar farko yake ƙonewa. Akwai fentin zafi na gaske, irin mai tambarin VHT, amma yana da sharaɗi: a kankare ƙarfe tas, a wanke maiƙo, a fesa siriri, sannan a gasa shi daki-daki, a tayar da inji a kashe ya huce, a sake. Fesa fenti a kan tsatsa tamkar shafe ne a kan katangar da gara ta cinye.

A ganina, wanda ya fi duka shi ne rufin tangaran, irin na kamfanonin Jet-Hot da Cerakote. Ana wanke ƙarfen da feshin yashi, a fesa masa rufin, a gasa. Yana tare ruwa da gishiri, yana kuma rage zafin da ke dukan wayoyi da robobin inji. In za a yi, a nemi a rufe ciki da waje.

Ƙyallen zafi da wasu ke naɗewa a bututu fa? Yana rage zafi a ƙarƙashin bonet, gaskiya ne. Amma yana riƙe ruwa, musamman da damina in an ratsa kududdufi, kuma yana ɓoye ɓarna har sai bututu ya tsage. Shi ya sa kamfanoni da dama ke janye garantinsu da zarar an naɗa shi.

Jama'a, abin da ya sa muka dage kan wannan batu ya wuce kuɗin gyara. Hayaƙin da ke tsiyaya ta hujin heda yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana iya shiga cikin mota ta sa direba jiri da barci, har ta yi kisa. In ka ji ƙaramar ƙara "tik-tik-tik" da safe wadda ke raguwa idan inji ya yi zafi, ko ka ga baƙin tabo a gefen gaskit, kada ka ɗauki iyali ka hau doguwar hanya. Kai wa makanike ya duba tukuna.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya kiyaye hanya.