Daga Michigan zuwa Ɗanbatta: wane fili ne ya fi?

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da irin hoton nan: makeken filin wasa cike maƙil da 'yan kallo, a ƙasa an rubuta cewa na wata jami'a ne a Amurka. Nan take sai musu ya kaure. Wani ya ce ƙarya ce, wani ya ce ai mu dai mun shiga uku.

To, ba ƙarya ba ce. Filin Jami'ar Michigan, wanda aka buɗe a 1927, yana ɗaukar mutum 107,601. Na Jami'ar Jihar Pennsylvania ma ya haura 106,000. Filin Moshood Abiola na Abuja, mafi girma a Najeriya, mutum 60,000 da 'yan kai yake ɗauka. Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata kuwa, gidan Sai Masu Gida, kusan 16,000 ne. Wato sai ka jera irinsa kusan bakwai kafin ka kamo na Michigan.

Amma kafin ka tura hoton gaba, ka san abu biyu. Na farko, ba irin ƙwallonmu suke bugawa a can ba, tasu ce ta Amurka mai hular kwano da rungumar ƙwallo a hannu. Na biyu, wasan ɗalibai a wurinsu kasuwa ce: kuɗin tikiti, kuɗin gidajen talabijin da gudummawar tsofaffin ɗalibai ne ke riƙe filayen. A nan gida akwai gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966, aka kuma fara gasar ƙwallo ta HiFL a 2018, amma mutum nawa ne a majalisarku suka taɓa biyan kuɗi don kallon wasan ɗalibai?

Kuma girma ba shi ne komai ba. Ƙofar Mata ta karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, gasar cin kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Nan ne gidan Pillars lokacin da Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa guda, kafin ya wuce Turai.

Yanzu mu dawo Ɗanbatta. Gari ne mai makarantu, ga Kwalejin Noma ta Audu Bako, ga sakandare da firamare birjik. Filin da yawancin matasa suka sani shi ne na makaranta: rairayi, turaku biyu, wani lokaci ko raga babu. Da rani ƙasa ta bushe ƙamas, faɗuwa ɗaya ka bar fatar gwiwa a wurin. Da damina ciyawa ta fito, awaki su riga ku shiga. Duk da haka, bayan la'asar wurin cika yake, har da masu rake da gyaɗa.

Abin tsoron yana nan. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, wato mita murabba'i 7,140. A yanki irin namu, inda gona ke manne da gona kuma gari ke ta faɗaɗa, wannan ba ƙaramar ƙasa ba ce. Mai neman fuloti yana kallonta, mai neman shago ma haka. Filin da ba shi da katanga ko shaidar iyaka, da kaɗan-kaɗan ake cinye shi. Idan an rasa ciyawa, ana iya shukawa baɗi. Idan aka kafa bulo, shi ke nan.

Don haka idan za mu kwatanta filaye, mu canza ma'auni. Shin filin yana da iyaka sananniya? Ƙasar a baje take, ko akwai ramin da zai karya ƙafa? Akwai ruwan sha da inuwa kusa? Yaran unguwa na samun shiga? 'Yan mata fa, suna da lokacinsu?

Waɗannan ba sa buƙatar biliyoyi. Ƙungiyar unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai za ta iya zama da shugaban makaranta da mai unguwa a tabbatar da iyaka, a dasa darbejiya a kewaye, a cike ramuka ranar Asabar guda.

Kai da ke da waya a hannu, gobe da yamma ka ɗauki hoton filinku, kusurwa huɗu, ka adana. Wata rana shi ne shaidarku.