'Yan Makarantar Yerwa Da Kogin Ngadda

Mutanenmu da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun sun san Maiduguri ta wajen banda da wake da shanun da manyan motoci ke saukewa. Amma da za a tambaye su inda kogin da ya ratsa garin ya fito, da inda ya ke ƙarewa, ba kowa ne zai amsa ba, har cikin waɗanda aka yanke wa cibiya a can. To, wannan ita ce irin tambayar da darasin kimiyya ke ɗora wa yaran ƙaramar sakandare a Yerwa, watau masu shekara 12 zuwa 15.

Tun da aka shigo da tsarin ilmi na 6-3-3-4 cikin 1982, manhajar ƙaramar sakandare ta tanadi a koya wa yaro yadda halittu ke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wurin da su ke, daga ƙasa da ruwa zuwa itatuwa da dabbobi. Sau da yawa a kan allo abin ya ke ƙarewa. Yaro ya haddace cewa ciyawa abincin fara ce, fara abincin ƙadangare, ƙadangare abincin shaho, ya rubuta a jarrabawa, shi ke nan. Alhali kuwa malamin da ya yi ƙoƙarin fita da yaransa bayan aji ba ya bukatar wani kayan aiki mai tsada. Kwalabe ne, da igiya, da ɗan littafin rubutu.

Abu na farko da yaran ke cin karo da shi shi ne ƙasar da su ke takawa. In aka ɗebo yashin cikin gari aka zuba a kwalba ɗaya, aka ɗebo baƙin laka na fadama aka zuba a ɗaya, sa'an nan aka tsiyaya ruwa, na yashi zai zarce nan da nan, na laka kuwa ya kwanta a sama. Dalilin wannan bambanci shi ne babban labarin garin. Maiduguri na zaune ne a kan wani dogon tudun yashi da masana ke kira Tudun Bama, wanda ya taso daga wajen Bama ya bi ta Maiduguri ya nufi arewa maso yamma. Wannan tudu tsohuwar gaɓar Tabkin Chadi ce. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce tabkin ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000, kuma a nan igiyar ruwansa ke bugawa. Watau yaron da ke buga ƙwallo a yashin unguwarsu, a bakin wani tsohon teku ya ke wasa, ga shi yau sai an yi tafiyar fiye da kilomita 100 kafin a ga ruwan tabkin.

Baƙin lakan da tabkin ya bari a baya shi ne firki. A kansa ne manoman Dikwa da Marte da Ngala ke dasa masakwa bayan ɗaukewar damina, dawar da ke nuna cikin sanyin hunturu ba tare da ɗigon ruwan sama ya taɓa ta ba, sai danshin da lakan ya riƙe.

Daga ƙasa sai kogi. Ngadda na samun ruwansa daga fadamun Sambisa, inda kogin Yedzaram ke zubowa daga duwatsun wajen Mubi. Ya kan taru a madatsar Alau, wadda aka gama cikin 1986, kimanin kilomita 20 daga gari, sa'an nan ya tsaga Tudun Bama a cikin Maiduguri, ya bazu a kwarin Jere inda a ke noman shinkafa. A can ya ke mutuwa, ba ya kai wa teku. Ga wanda ya saba da kogunan Kurmi masu gudu shekara duka wannan abin mamaki ne, amma ruwan saman Maiduguri bai wuce milimita 600 da wani abu ba a shekara, shi ma cikin wata huɗu ya ke zuba.

Saboda haka yaran da suka je bakin Ngadda cikin Oktoba, suka koma cikin Afrilu, kamar wuri biyu suka gani. A zuwan farko akwai talibambam da 'ya'yan tarwaɗa da karfasa, ga belbela na kiwo a gefe. A na biyu sai busasshen kwari, da kududdufai masu kore, da leda jibgi guda. Tambayar da ke biyo baya ita ce, ina halittun suka tafi? A nan ne labarin gaiwa ke shigowa, kifin nan da ke haƙa rami a laka in ruwa ya janye, ya lulluɓe jikinsa da yauƙi, ya yi ta shaƙar iska da huhu har damina ta dawo. 'Ya'yan masunta sun san wannan tun kafin a sa su makaranta, kuma a irin wannan rana su ne malaman 'yan ajinsu.

Haka batun itatuwa. Aikin da a kan ba yara shi ne su ƙirga itatuwan farfajiyar makaranta ko na layinsu, su rubuta sunan kowane. Sakamakon kusan ɗaya ne ko'ina cikin gari: dogon yaro, dogon yaro, dogon yaro. Shi ne ya ba Maiduguri inuwar da ta yi suna da ita, amma baƙo ne. Asalinsa ƙasar Indiya, kuma wajen 1928 aka fara dasa shi a Barno. 'Yan gida su ne aduwa da magarya da tsamiya da kuka da gawo, da dakwara mai ba da ƙaro, kuma sai an fita gefen gari a ke ganinsu da yawa. Gawo shi ya fi ɗaure wa yara kai, don yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa. Dogaro da iri ɗaya kuwa yana da haɗari: cikin shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye ya auka wa dogon yaro a yankin Tabkin Chadi, itatuwa da dama suka bushe.

Su kuma dabbobin dawa, yawancin yaran a gidan namun daji na Sanda Kyarimi kaɗai suka taɓa ganinsu, inda makarantu suka daɗe suna kai yawon buɗe ido. Dajin Sambisa, wanda a dā gandun namun daji ne mai giwaye, ya fi ƙarfin 'yan makaranta tun da fitinar Boko Haram ta ɓarke cikin 2009. Haka Baga. Kwarin Jere ma da ke nan kusa, a can ne aka kashe manoman shinkafa na Zabarmari da dama cikin Nuwamba 2020. Ba malamin da zai ɗauki 'ya'yan mutane ya nufi can. Fitinar ta kuma turo dubban ɗaruruwan mutane cikin gari, kowane gida na bukatar itacen girki, itatuwan gefen gari su suka sha gatari.

Ga tabkin kansa, abin da ke cikin littattafan yaran gaskiya ne amma bai cika ba. Cikin 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, fari na 1973 da na 1984 suka cinye kusan kashi 90 cikin 100. Daga baya ruwan ya ɗan farfaɗo, yana hawa yana sauka bisa ga damina. Wanda ya koyi cewa ƙasar Barno bushewa kawai ta ke yi, rabin darasi ya koya.

Sauran rabin ya zo daren 9 ga Satumba 2024, wayewar 10 ga wata, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle bayan ruwa mai yawa. Ngadda, wanda a ke tsallakewa da ƙafa da rani, ya shanye Fori da Gwange, ya shiga Kasuwar Litinin da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a. Mutane kusan 400,000 suka bar gidajensu. Hukumar gidan Sanda Kyarimi ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobinta sun mutu, ta kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni. Aka rufe makarantu, waɗansunsu suka zama sansanin 'yan gudun ruwa, yara suka kwana a azuzuwan da a ke koya musu kimiyya.

Ba wannan ne karo na farko ba, don an yi irinsa cikin 1994. A shekara 30 da ke tsakani gari ya faɗaɗa, an gina gidaje a kwarin kogi, magudanai sun cika da shara da leda. Ruwan kuwa hanyarsa ta dā ya bi, ya cika kwari ya bar tudu. Wannan shi ne dai abin da kwalabe biyu na yashi da laka ke nunawa a aji, kuma har yanzu akwai bangayen da ke ɗauke da zanen inda ruwan ya tsaya, wanda yaro zai iya aunawa da igiya ya kwatanta unguwa da unguwa.

Da yawa daga masu karanta wannan shafi suna aika kuɗi gida don a saya musu fili a Maiduguri, galibi ba tare da sun taka wurin ba. Kafin a biya dillali, yana da kyau a sa ɗan ƙane ko ƙanwa da ke aji 2 ya je ya ɗebo ƙasar filin a kwalba, ya duba bangayen maƙwabta, ya kuma tambayi tsofaffin unguwar inda ruwa ya tsaya cikin 1994 da 2024.