Rasuwar Maƙwabci ga Wanda Ya Taɓa Binne Ɗa: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

A gidan rasuwa akwai mai makokin da ba a cika lura da ita ba. Ita ke ɗora tukunya, ita ke shimfiɗa tabarmi, ita ke raka masu gaisuwa zuwa zaure. Maƙwabciya ce, don haka ba wanda ke ce mata "ya haƙuri". Idan dare ya yi ta koma ɗakinta, sai kuka ya ƙwace mata, kuma sau da yawa sunan da ke fitowa daga bakinta na ɗanta ne da ta binne shekaru da suka wuce. Haka ma magidancin da ya kama makarar maƙwabcinsa, ya dawo daga maƙabarta ya kasa haɗiye ko loma ɗaya, saboda ƙafarsa ta sake taka hanyar da ya taɓa bi ɗauke da gawar yaronsa a hannu.

Masu wannan hali kan tsorata da kansu. Suna tambaya ko imaninsu ne ya yi rauni, ko kuwa hankalinsu ne ya fara taɓuwa. A mafi yawan lokuta babu ko ɗaya daga cikin biyun.

Me ya sa sabon rashi ke tayar da tsoho?

Duk wanda ya karanta Suratu Yusuf ya gamu da wannan al'amari. Lokacin da 'ya'yan Annabi Yakubu (AS) suka dawo daga Masar suka gaya masa an riƙe ƙaninsu, sai ya kau da kai daga gare su yana kukan Yusuf, wanda ya ɓace tun shekaru masu yawa. Labarin ɗa ɗaya aka kawo masa, amma zuciyarsa ta koma ga ɗan farko da ya rasa, har idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. 'Ya'yansa suka zarge shi da yawan ambaton Yusuf, kamar yadda dangi ke yi wa masu irin wannan hali a yau.

Bahaushe ya san ciwon da aka fama ya fi sabo zafi. Gidan mutuwa cike yake da abubuwan fami: ƙamshin turaren likkafani, salatin mata lokacin fitar da gawa, shirun da ke sauka bayan maza sun tafi maƙabarta. Ƙwaƙwalwa ta haɗa waɗannan da ranar da aka yi babban rashi, kuma ba ta neman izini kafin ta dawo da su. Wani masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, Robert Kastenbaum, ya bayyana tun 1969 yadda rashi kan rashi ke taruwa ya fi ƙarfin mutum idan na biyu ya riske shi bai gama ɗaukar na farko ba. A kan tsofaffi ya fara lura da hakan, amma likitoci sun ga abin a kowane mataki na shekaru.

Akwai kuma dalilin da ya keɓanci maƙwabci, kuma a ganina shi ne mafi nauyi. A zaman da muke yi, katanga ɗaya ce tsakanin gidaje. Maƙwabciyar kirki ita ce ta fara shigowa ranar haihuwa, ita ta dama kunun kanwa, ta goyi yaron, ta san abincin da yake so da irin ƙiriniyarsa. Ranar da jikinsa ya rikice, watakila ita ta raka uwar asibiti, ita ta riƙe ta da aka ce rai ya yi halinsa. Bayan shekaru, dangi sun daina ambaton yaron, ƙannensa ba su ma san shi ba, amma ita takan ce, "Da wane yana nan, da yanzu ya isa aure." To idan wannan mata ta rasu, uwar ta rasa mai shaidar cewa ɗanta ya taɓa rayuwa. Labaransa da ke bakin mamaciyar sun tafi tare da ita.

Rashin ɗa ba ya tsufa

Mutuwar yara ta yi yawa a yankinmu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara biyar, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya kai 187. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe, da ake raɗa wa yaron da aka haifa bayan an yi ta wabi, sun nuna tsawon zamanin da gidajenmu suka yi suna fama da wannan jarrabawa. Illar yawan abin ita ce mutane sun ɗauka sabo ya rage zafinsa. Sai a ce wa uwa, "Ai ke yarinya ce, za ki sake haihuwa." Idan kuwa ɗan fari ne, alkunya kan hana ta ko ambaton sunansa, balle ta yi kukansa gaban surukai. Ta haɗiye, a yaba mata da dauriya, a watse.

Abin da aka haɗiye yana nan a jiki. Wani babban bincike da aka yi a Denmark, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2003, ya bibiyi iyaye fiye da 21,000 da suka rasa ɗa. An gano iyaye matan sun fi sauran mata haɗarin mutuwa da wuri, kuma haɗarin bai tsaya a shekarun farko ba. Wannan a ƙasar da ke da wadatar asibitoci ke nan.

Shi ya sa wata uwar kan yi wa maƙwabciya kukan da ba ta yi wa ɗanta ba, sannan ta riƙa zargin kanta. Babu abin zargi. A gidan wani, alkunya ba ta ɗaure ta ba, hawayen da aka tare tun wancan lokaci ne suka sami hanya. Wata kuma kan ji wani ɗaci a ranta idan ta ga mamaciyar ta tsufa ta bar jikoki, alhali nata ɗan ko makaranta bai shiga ba. Wannan tunani kan zo wa mutanen kirki ma, kuma yakan wuce.

Maƙwabci ba shi da tabarma a zaman makoki

Musulunci ya ɗaukaka maƙwabci ƙwarai. Hadisi ingantacce ya nuna Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci, har ya yi zaton za a sa shi cikin magada. Amma a tsarin gaisuwar mutuwa, 'ya'ya da mata da 'yan'uwa ake nema a yi wa ta'aziyya. Maƙwabci mai hidima ne, shi ke gyara wa baƙi wurin zama. Masani Kenneth Doka ya yi rubutu a 1989 kan irin wannan baƙin ciki da jama'a ba su ba mai shi ikon nunawa ba, ya kuma nuna cewa rashin amincewar mutane kan ƙara masa nauyi da tsawo. Mutum yana cikin makoki na gaske, amma kowa na ganinsa ɗan taya ni kuka.

Akwai asarar yau da gobe da ba a lissafawa: wanda ake bar wa makulli, wadda ake aika wa yaro ya karɓo gishiri, abokin tafiya masallaci da asuba. Ɗan'uwa na nesa zai yi kewar mamaci lokacin sallah ko biki. Maƙwabci kuwa kullum sai ya wuce ta ƙofar gidan.

Shin kuka ya saɓa wa tawakkali?

Nan ne aka fi cutar da mutane da kyakkyawar niyya. Ana ce wa mai kuka ya yi shiru, kamar hawaye gardama ce da ƙaddara. Annabi (SAW) ya rasa shida daga cikin 'ya'yansa bakwai, Nana Fatima kaɗai ta rayu bayansa, ita ma da watanni kaɗan. Da ɗansa Ibrahim ke cikawa yana jariri a Madina, idanunsa sun zubar da hawaye. Abdurrahman bn Auf ya nuna mamaki, sai ya bayyana masa cewa wannan rahama ce. Abin da shari'a ta hana sananne ne: kururuwa, yaga tufafi, marin fuska, da furta kalaman fushi da hukuncin Allah. Kwana uku da aka iyakance wa mace kan wanda ba mijinta ba, da wata huɗu da kwana goma na takaba, sun shafi barin ado da alamomin makoki na zahiri. Ba a sa wa zuciya wa'adi ba.

Shekaru bayan rasuwar Nana Khadija, Annabi (SAW) bai daina ambatonta ba, kuma idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta nama. Masu nazarin baƙin ciki sun daɗe suna koyar da cewa waraka ita ce yanke alaƙa da mamaci, sai a shekarun 1990 da yawansu suka sauya ra'ayi, suka yarda cewa riƙe alaƙar ta hanyar tunawa da kyautatawa yana daga cikin lafiya. Masu bincike biyu na Jami'ar Utrecht a Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun ƙara bayani a 1999 cewa mai makoki kan yi ta kai-kawo tsakanin fuskantar rashin da komawa harkokin rayuwa. Don haka wadda ta yi dariya da hantsi ta yi kuka da la'asar lafiyarta ƙalau.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Rashin barci, rashin cin abinci, mantuwa da ciwon jiki duk sukan zo a makonnin farko, su lafa a hankali. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022, ta sanya baƙin ciki mai tsawaita a matsayin larurar da ke buƙatar magani: idan kewar mamaci ta mamaye mutum fiye da wata shida, ta wuce abin da al'adarsa da addininsa suka saba gani, har ta hana shi aiki da kula da iyali. Iyayen da suka rasa ɗa suna cikin waɗanda abin ya fi kamawa.

Wasu alamun ba a jiran wata shida a kansu. Wanda ke cewa gara ya bi mamacin, ko ya fara shan ƙwayoyi don ya sami barci, ko ya daina ci da sha, a kai shi asibiti a ranar. Ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi ma haka, domin tashin hankali mai tsanani na iya raunana zuciya, kuma mata masu shekaru ya fi shafa. Mai hawan jini ko ciwon suga kada hidimar makoki ta sa ya bar maganinsa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba ya kore addu'a, kuma ba ya nufin mutum ya haukace.

Abin da na kusa za su iya yi

Ka yi wa maƙwabciyar ta'aziyya ita ma, da bakinka: "Hajiya, ke ma ya haƙuri, na san yadda kuke." Idan kun saba, ka haɗa da ɗanta da ya rasu a addu'a, ka ambaci sunansa, ka ce Allah ya sa mai ceto ne. Mutane na gudun haka don kada su tuna mata, alhali ba ta taɓa mantawa ba. Ka bar maganar "har yanzu ba ki haƙura ba?" da ta "wasu ai sun fi ki rashi".

Da Ja'afar bn Abi Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya sa a dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Maƙwabta ne suka fi ɗaukar wannan nauyi har yau, amma wadda ke ɗauke da tsohon rashi bai kamata a bar mata girkin kwana uku ita kaɗai ba. Idan ta ce ba za ta iya shiga ɗakin da aka yi wankan gawa ba, a ƙyale ta. Idan kuma hidimar ce ke kwantar mata da hankali, kada a hana ta.

Mijinta ma a duba shi. Maza kan yi nasu makokin da shiru ko da dulmiya cikin aiki, mace ta ɗauka bai damu ba, shi kuma ya ɗauka tana tono abin da ya wuce, sai rashin da ya kamata ya haɗa su ya sa kowa ya koma gefensa.

Lokacin da ya fi wuya shi ne bayan an naɗe tabarmi, baƙi sun koma garuruwansu, unguwa ta koma harkarta. A makonnin nan ne ya kamata a riƙa leƙa ta, musamman da la'asar ko duk lokacin da suka saba zama tare da mamaciyar. Idan 'ya'yan mamaciyar suna rabon kayanta, su aika wa maƙwabciyar da wani abu ƙarami, mayafi ko carbi, su kuma ci gaba da shiga gaishe ta kamar yadda suke yi lokacin da uwarsu ke raye.