Robar Motsa Jiki, Silifas Mai Tsini, da Ƙafar Mai Ciwon Suga

Wani saƙo yana yawo a WhatsApp kwanakin nan. Na fara ganinsa a zauren danginmu, kafin a jima ya bayyana a na tsofaffin 'yan makarantarmu. Hoton wata 'yar jaka ce da aka zazzage kayan cikinta: robobin motsa jiki kala-kala, ƙwallo mai ƙaya-ƙaya, 'yar robar nan da ake cusawa tsakanin yatsun ƙafa don ta ware su, wani faifai mai tangal-tangal da ake tsayuwa a kai, sai silifas mai tsini-tsini a ciki. A ƙarƙashin hoton an jero alkawura, an rufe da lambar waya da roƙon a tura wa 'yan uwa saboda Allah. Babu sunan likita, babu na asibiti. Wanda ya rubuta ya iya kasuwa, domin ya cakuɗa gaskiya da ƙarya yadda sai an zauna an tsince.

Wasu alkawuran ba su isa a ɓata musu lokaci ba. Wai robar tana narkar da tumbi cikin mako biyu: babu motsa jikin da ke zaɓar inda kitse zai fita. Wai robar yatsu tana miƙar da babban yatsan da ya karkace: tana iya rage gugar yatsu da juna, amma ƙashin da ya kauce ba ya komawa mazauninsa saboda roba. Wai faifan yana ƙara wa yara tsawo. Wannan kam sai dai a yi dariya. Shi kuwa batun "an amince da shi a Amurka", a Amurkar ce kamfanin Reebok ya amince ya biya dala miliyan 25 a 2011, Skechers kuma dala miliyan 40 a 2012, saboda tallar takalman da suka ce suna gina tsoka ba tare da hujjar da ta isa ba.

Akwai kuma abin da saƙon ya faɗa daidai, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Robar motsa jiki tana aiki. Wani nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya tattara gwaje-gwajen da suka kwatanta roba da ƙarafan ɗakin motsa jiki, ya samu ƙarfin da ake ƙaruwa da shi kusan ɗaya ne. Masu gashin ƙashi sun daɗe suna ba majinyata ita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, wanda ya kai shekara 65 kuma ya haɗa da atisayen daidaita tsayuwa kwana 3 ko fiye. Babban nazarin Cochrane na 2019 ya nuna motsa jiki yana rage yawan faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 23 cikin 100. Faifan ma yana da gurbinsa: ɗan ƙwallon da idon sawunsa ya saba targaɗe yana amfana da koyon tsayuwa a kansa. Saboda haka ba faɗa nake da jakar ba. Matafiyi, ko matar da ba ta da halin zuwa ɗakin motsa jiki, idan ta sayi roba mai kyau ba ta yi asarar kuɗinta ba.

Illar robar, wadda saƙon ya tsallake, ita ce tsinkewa ko kuɓucewa. Ranar 1 ga Janairun 2015, Harry Reid, ɗaya daga cikin jagororin Majalisar Dattawan Amurka, yana atisaye da roba a gidansa ta kuɓuce masa. Ya karye a fuska da haƙarƙari, idonsa na dama ya daina gani. A riƙa duba ta kafin a ja, musamman a zafin ƙasarmu da ke cinye roba, kuma kada a ja ta saitin ido.

Layin da ya sa na ɗauki alƙalami yana can ƙasa. Ya ce mai ciwon suga da ƙafarsa ta mutu, ko yake jin kamar kiyashi na tafiya a cikinta, ya riƙa taka ƙwallon mai ƙaya da ƙarfi, ya yini cikin silifas mai tsini, in ya samu hali ya cire takalmi ya taka tsakuwa da safe. Wai hakan yana tayar da jijiyoyin da suka yi barci. Har da ƙarin cewa idan bai ji zafi ba ya ƙara dannawa, in kuma ya ga sauƙi ya rage magani.

Wannan shawara tana iya raba mutum da ƙafarsa, kuma ba ƙarin gishiri na yi ba.

Idan suga ya daɗe yana hawa a jini, yana lalata jijiyoyin ji da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Mafi tsawon jijiyoyi su ke fara taɓuwa, shi ya sa abin yake somawa daga yatsun ƙafa yana haurowa. Kusan rabin masu ciwon suga suna gamuwa da wannan a tsawon rayuwarsu. Jijiyar ba barci take yi ba balle a tashe ta da tsini; lahani ta samu. Kuma ba ji kaɗai ke tafiya ba. Zufar ƙafa tana raguwa, fata ta bushe ta yi faso. Ƙananan tsokokin tafin ƙafa su yi rauni, yatsu su lanƙwashe, nauyin jiki ya taru a 'yan wurare ƙalilan. Nan kanta take fitowa, ta yi kauri, naman da ke ƙarƙashinta ya dinga dakuwa da kowane taku har jini ya kwanta, wata rana ya fashe ya zama gyambo. Mai lafiya da tuni zafi ya sa ya ɗingisa, ko ya sauya takalmi, ko ya zauna. Wanda jinsa ya tafi ba shi da wannan gargaɗin, sai ya ci gaba da tafiya a kan rauni, warkewa kuma tana yi masa wuya saboda jini ba ya isa ƙafar yadda ya kamata.

Mu da muka tashi muna ganin kutare bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, shi ya nuna cewa yawancin yatsun da kutare ke rasawa ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba. Ƙuna ce, da yanka, da gugar takalmi, waɗanda ba sa ji. Da ya koma Carville a jihar Luwiziyana ta Amurka a 1966, ya ɗauki wannan ilimin ya ɗora a kan ƙafar masu ciwon suga. Abin da ya fi jan hankali a bincikensa shi ne ba sai ƙusa ta soki mutum ba: matsi matsakaici, wanda ake maimaitawa sau dubbai a wuri guda, ya isa ya huda fata. Yanzu a dubi silifas mai tsini. An ƙera shi ne takanas don ya tara nauyin jiki a kan 'yan ɗigo-ɗigo, a kuma maimaita da kowane taku. Mai lafiyar ƙafa zai cire shi bayan 'yan mintuna domin ya ishe shi. Wanda ba ya ji shi ne zai yini a ciki, yana ma murna.

Haka na tarar da wani kawuna, tsohon malamin firamare da ya daɗe da ciwon suga. Ɗansa ne ya saya masa, da kyakkyawar niyya. Yana zaune kan tabarma bayan la'asar yana yabon takalmin.

"Ai ni ko kaɗan ba ya yi min zafi," in ji shi. "Yaran nan kuwa da sun saka sai su fara tsalle."

Na ce, "Kawu, don Allah a ɗan ɗago min ƙafar in gani."

Tafin ƙafar duk shatin tsini ne a jere, bai baje ba duk da ya jima da cire takalmin. A ƙarƙashin babban yatsa, inda kanta ta yi kauri, akwai wani ɗigo baƙi kamar an ɗiga tawada a cikin fatar. Na danna wurin da yatsa, bai ko motsa ba. Washegari aka kai shi asibiti, suka kankare kantar, suka ce an zo da wuri.

Ba kowa ke zuwa da wuri ba. Ƙwararru sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon suga za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma mafi yawan yanke ƙafar da ake yi musu daga gyambo yake farawa. A nan Najeriya, wani bincike da aka wallafa a 2019 ya bi majinyata 336 da aka kwantar da gyambon ƙafa a manyan asibitoci 6. Fiye da kashi ɗaya cikin uku sai da aka yi musu yanka, kusan ɗaya cikin biyar kuma ya rasu. Wannan ita ce ƙafar da wani ya zauna da wayarsa yake cewa a taka tsakuwa da ita, don ya sayar da kayan 'yan dubbai. Ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ƙafar masu ciwon suga, IWGDF, a ƙa'idojinta na 2023 ta faɗi akasin haka ƙarara: wanda ke cikin haɗarin gyambo kada ya yi tafiya ba takalmi, ko da safa kaɗai, ko da silifas mai siririn ƙasa, a cikin gida ne ko a waje.

Ita kuwa taswirar tafin ƙafa da aka liƙa a saƙon, wai nan hanta, nan ƙoda, nan gaɓar da ke samar da insulin, ba daga ilimin halittar jiki ta fito ba. Wata Ba'amurkiya mai suna Eunice Ingham ce ta yaɗa irinta a shekarun 1930. A 2009 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan tausar ƙafa da ake yi bisa irin wannan taswira, bai samu gamsasshiyar hujjar cewa tana warkar da wata cuta ba. Tausa tana da daɗi, tana sa mutum ya saki jiki, iyakarta ke nan. Ba ta sauke suga, kuma wanda ya rage maganinsa a kanta ya ƙara wa jijiyoyin abin da ke cin su ne.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Ƙafar da ke zogi da dare, tana zafi kamar an zuba barkono, tana hana barci, ga magani ya yi tsada, ga layin asibiti. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Har ma akwai 'yar gaskiyar da ke ruɗar mutane, domin motsa jiki yana taimakawa wajen daidaita suga, kuma ita kanta IWGDF ta ce wanda haɗarinsa kaɗan ne ko matsakaici zai iya yin atisayen ƙafa da idon sawu na mako 8 zuwa 12, an fi so a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Sai dai ta faɗi hakan da taka-tsantsan, don hujjar ba ta yi ƙarfi ba tukuna, kuma atisayen nan lanƙwasawa ne da miƙewa da ƙarfafa tsoka. Babu tsini a ciki. Wanda nake jin haushi shi ne mai ilimin cikinmu, mai digiri, da ya danna turawa ba tare da ya karanta layin ƙasa ba, alhali ya san akwai masu ciwon suga a zauren.

To mai ciwon suga me zai yi da jakar, in har ya riga ya saya? Robar ta hannu da kafaɗa da cinya, yana zaune kan kujera da takalminsa, babu laifi, da amfani ma, bayan ya sanar da likitansa, musamman idan ciwon ya taɓa masa ido ko yana da hawan jini. Faifan ba na wanda ba ya jin ƙasa ba ne, domin faɗuwa zai jawo masa. Tsayuwa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango ta fi masa. Robar yatsu tana iya goge fata a lungun da ba a gani, a bar ta sai in likita ne ya ce a saka. Ƙwallon da silifas ɗin kuwa a fitar da su daga ɗakinsa.

Kafin duk wannan, ya san matsayin ƙafarsa. A asibiti suna da wani siririn zaren leda mai danna fata da nauyin giram 10, ana dangwala shi a tafin ƙafa har ya lanƙwashe, mutum idonsa a rufe, ya faɗi ko ya ji. A gida akwai gwajin da likitocin Ipswich a Ingila suka fito da shi. Mutum ya rufe ido, wani ya taɓa masa kan babban yatsa, da na tsakiya, da ƙaramin, a kowace ƙafa, taɓawa marar nauyi ta daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan bai ji biyu ko fiye daga cikin shidan ba, ji ya ragu, sai a je a duba sosai.

Sauran aikin na kullum ne, kuma mai alwala ya riga ya samu lokacinsa. Ya dubi tafin ƙafar da tsakanin yatsu, da madubi ko idon wani in wuyansa ba ya kaiwa, ya tsane lungunan yatsun da kyau. Ya zazzage takalmi ya shafa cikinsa da hannu kafin ya saka. Ruwan zafi a gwada shi da gwiwar hannu, ba da ƙafa ba, haka nan kaskon gawayi lokacin hunturu a nisanta shi. Kanta ba ta reza ba ce, ba kuma ta mai yankan farce na bakin titi ba. Idan aka ga bororo, ko tsagewa, ko baƙin ɗigo a cikin kanta, ko ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi 'yar uwarta ɗumi, ko da babu zafi ko kaɗan, a ranar ake zuwa asibiti, ba a jiran ranar ganin likita ta zagayo.